Utrecht ko Haarlem: wane gidan ogan ɗin titi ya cancanci ranarka ɗaya a Holan?

Wanda ya je Holan yana da rana guda da zai keɓe don ganin ogan ɗin titi, wato ƙaton akwatin kiɗan nan mai ado da ake turawa a kan amalanke mai ƙafa uku yana kaɗa kansa, yawanci zaɓinsa bai wuce gida biyu ba. Akwai Museum Speelklok a tsakiyar birnin Utrecht, akwai kuma Draaiorgelmuseum na Haarlem, ƙaramin zaure da 'yan sa-kai ke riƙe da shi. Kowannensu bai wuce tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa daga Amsterdam ba. Baƙi da yawa kan ɗauka cewa duk abin da ke cikin ƙaramin ai yana cikin babban, su wuce Utrecht ba tare da wani tunani ba. Ga wasu hakan daidai ne, ga wasu kuwa asara ce, domin gidajen biyu ba aiki ɗaya suke yi ba.

Kafin a kai ga zaɓi, ya kamata mutum ya san abin da zai je ya kalla, in ba haka ba fenti da gumakan gaba ne kawai za su ɗauke masa hankali.

Ogan ɗin titi da iska yake aiki daga farko har ƙarshe. A bayansa akwai babban wili mai mariƙi. Idan an juya shi, sandar da ke ciki tana ɗaga mafitan iska tana sauke su bi da bi, kamar yadda yaron maƙeri ke sarrafa zuga-zugi, ɗaya na shaƙa ɗaya na hurawa. Iskar ba ta tafiya kai tsaye zuwa bututun sauti. Tana fara taruwa a wata jakar fata mai katako sama da ƙasa, wadda sifirin ke danne da ita, don ƙarfin iskar ya tsaya a ma'auni ɗaya ko bututu biyu ne ke kuka ko hamsin. Idan jakar ta cika, wani ɗan bawul ya saki rarar. Daga nan iska ta shiga akwatin da bututun ke zaune a kansa, kowane bututu da ƙofarsa mai leɓen fata a rufe.

Abin da ke buɗe ƙofofin shi ne littafin kwali. Dogon kwali ne da aka naɗe shi gaba da baya, an huda shi da ramuka dogaye da gajeru. Wilin da ke hura iska shi ne kuma ke jan kwalin ta kan jerin yatsun ƙarfe. Kwali na danne da yatsa, shiru. Rami na zuwa, yatsan ya yi tsalle ya shiga, ya buɗe ɗan ƙaramin bawul, iska kaɗan ta bi siririn tiyo ta kumbura wata 'yar jakar fata, ita kuma ta buɗe ƙofar bututu. Tsawon rami shi ne tsawon sauti. Anselmo Gavioli ne ya yi rajistar wannan tsari a Paris a 1892. Kafin nan gungumen katako ake amfani da shi, an kakkafa masa ƙusoshi, kuma gungume ɗaya bai cika ɗaukar fiye da kiɗa takwas ko makamancin haka ba, kowanne da tsawon da bai wuce zagaye ɗaya ba. Kwali ya kawar da wannan iyaka. A ogan ɗin Holan kwalin kan yi tafiyar kusan mita 3.6 a minti ɗaya, don haka kiɗan minti uku na cin kwali wajen mita 11.

Girman ogan da yawan yatsunsa ake faɗa: mai 56, mai 72, mai 90. Ba dukansu ne na sauti ba. Wasu na buga ganga da kuge, wasu na motsa hannun gunkin da ke gaba, wasu na kunna rukunin bututu ko kashe su. Sauran an raba su huɗu: babbar murya, murya ta biyu da ke ratsa ta, rakiya, da bas, wato murya mai kauri ta ƙasa. A da yawa daga cikinsu bas ɗin bai wuce takwas ba, shi ya sa mai tsara littafi dole ya karkata kiɗa ya dace da abin da injin ke da shi. Gwanintar mai tsarawa rabin daɗin ogan ce.

To, Utrecht. Tarin ya samo asali ne daga wani baje koli da aka yi a 1956, kuma tun 1984 yake zaune a Buurkerk, tsohuwar majami'a ta zamanin da a kan titin Steenweg, wadda yanzu ba a ibada a cikinta. Sunan Museum Speelklok a 2010 aka sa masa. Daga tashar Utrecht Centraal tafiyar minti goma ce a ƙafa, ka ratsa kantunan Hoog Catharijne ka nufi hasumiyar Dom. Ana biyan kuɗin shiga, katin Museumkaart na shiga gidajen tarihin Holan na aiki, kuma galibi ranar Litinin a rufe yake.

Ƙarfin gidan shi ne faɗinsa. Ogan ɗin titi reshe ɗaya ne a cikin dangi babba, kuma a nan za ka ga dangin gaba ɗaya: agogo masu kiɗa, ƙananan akwatuna masu haƙoran ƙarfe, fiyano mai kaɗa kansa da naɗin takarda, da Phonoliszt Violina na kamfanin Hupfeld na Jamus, wanda ke goga gogen Turawa uku da baka mai zagaye. A ƙarshe sai manyan ogan na zauren rawa da na filin wasa, irin su De Schuyt. De Arabier ma, ogan ɗin titi wanda ya yi suna ta faya-fayai da tafiye-tafiye ƙasashen waje lokacin yana hannun gidan Perlee, masu ba da hayar ogan a Amsterdam, yana cikin tarin. Gidan na da ɗakin gyara nasa, kuma masu gyaransa sun yi aiki a kan agogunan fadar sarakunan Sin da ke Beijing, waɗanda aka baje kolinsu a Utrecht a 2010. Wannan ɗakin gyara shi ne dalilin da ya sa kayan gidan ke kuka lafiya maimakon su zauna shiru a bayan gilashi.

Sai dai ba ka kunna su da kanka. Jagora ne ke zagawa da rukuni, kusan kowace awa, yana kunna kayan ɗaya bayan ɗaya, yawanci daga mai sanyin murya zuwa mai tsawa. Duk wanda ya shiga ya zaga shi kaɗai bai bi jagora ba, kabad masu kyau kawai ya gani, kuɗinsa bai yi masa aiki ba. Saboda haka da ka karɓi tikiti ka tambayi lokacin zagaye na gaba da harshen da za a yi shi, domin ana yi da Holanci da Ingilishi. A nan ne kuma raunin gidan yake ga mai neman ogan ɗin titi takamaimai. Zagaye ɗaya bai isa a kunna komai ba, jagora ne ke zaɓa, kuma abin da ogan ɗin titi ke samu 'yan mintoci ne. Kiɗa ɗaya, wani lokaci ma gutsure, sai rukuni ya matsa gaba. Dabarar ita ce ka bi zagaye biyu, ɗaya da safe ɗaya bayan azahar, domin jagora daban kan zaɓi kaya daban. Ka kuma roƙi jagoran ya bari ka tsaya ta baya lokacin da yake saka littafi.

Haarlem wani yanayi ne dabam. Zauren yana Küppersweg, cikin unguwar masana'antu ta Waarderpolder, ba a tsohon gari inda 'yan yawon buɗe ido ke taruwa ba. Daga waje ba shi da maraba da sito. Ranar Lahadi da rana ake buɗewa, shiga kyauta ne, gudummawar baƙi da abin shan da ake sayarwa ne ke taimaka wa gidan. A ciki tebura da kujeru ne a tsakiya, ogan a jere jikin bango, ana kunna su bi da bi har yamma. Uban gidan shi ne Kunkels, ƙaton ogan mai yatsu 112 wanda kamfanin Marenghi ya ƙera a Paris a 1909, wani maƙerin ogan mai suna Carl Frei kuma ya sake gina shi a shekarun 1930. Gidauniyar da ke riƙe da zauren ma sunansa take ɗauke da shi.

Abin da Haarlem ke bayarwa wanda Utrecht ba ta iya bayarwa shi ne lokaci. Za ka ji littafi daga bangon farko zuwa na ƙarshe, sannan wani, sannan wani. Sai a kiɗa na uku ko na huɗu kunne ke fara rarrabe rukunin bututu, ka gane lokacin da masu siririyar murya irin ta goge suka shigo, ka gane lokacin da aka kashe su aka bar bordon shi kaɗai. Wannan bordon ɗin shi ne tambarin ogan ɗin Holan. Carl Frei, Bajamushen da ya yi aiki a Breda tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, shi ya yaɗa shi: layi biyu na bututun katako masu toshe a kai, an saita ɗaya ya ɗan fi ɗayan tsayin murya kaɗan. Saɓanin nan da gangan ne. Sautukan biyu na karo da juna, sai a ji murya mai laushi tana kaɗawa a hankali. Jagora a Utrecht zai iya faɗa maka wannan cikin jimla biyu, amma a Haarlem ne za ka zauna da shi har ya zauna maka a kunne, ka iya bambance ogan da ya bi ta hannun Frei da wanda ya riƙe kaifin muryarsa ta Faransa.

Mutanen da ke kunna su ma su ne masu share su da gyara su. Idan ka nuna sha'awa, ba wuya a kira ka baya ka ga yadda ake ɗaga murfin yatsu, a daidaita gefen kwali da madogararsa, a sauke murfin. Ka lura da abu guda: lokacin da murfin ke sama, ogan shiru yake ko da iska a cike. Akwai makashin da ke yanke iskar yatsu idan an ɗaga shi, domin in babu kwalin da zai danne su, dukan yatsun a sama suke, da kowane bututu zai yi kuka lokaci ɗaya. Ka kuma dubi kantocin littattafai, ka tambaya ko akwai kiɗan da kake so. Littafin ogan ɗaya ba ya shiga wani sai in tsarin yatsunsu ɗaya ne, shi ya sa kowanne ke da tarinsa.

Raunin Haarlem a fili yake. Babu zagaye mai tsari da zai ɗauke ka daga tushe, bayanin da za ka samu ya danganta da wanda ka tarar da kuma yawan tambayarka. Wanda bai san komai ba, kuma mai jin nauyin tambaya, zai iya zama awa biyu ya fita bai san me ke faruwa a bayan allon ba. Sannan ƙara. An ƙera waɗannan kaya ne don su rinjayi hayaniyar kasuwa da filin wasa, to ga su a cikin ɗaki mai bango huɗu. Kada a zaunar da jariri ko ƙaramin yaro a gaban Kunkels, kuma mai raunin kunne ya tafi da abin toshewa ya zauna daga baya. A gaskiya ma daga nesa kaɗan sautin ya fi haɗuwa. Idan ka matsa kusa sosai, ganga da bututun da ke daidai fuskarka kawai za ka ji.

Akwai lahanin da ya kamata kunnenka ya sani, domin a ƙaramin gida za ka iya cin karo da su, kuma ganin yadda ake magance su darasi ne. Na farko shi ne sauti mai maƙalewa: kiɗa ya wuce amma bututu ɗaya ya ƙi yin shiru. Galibi ƙura ce ko ɗan ɓarɓashin kwali ya shiga ƙarƙashin leɓen fata, ƙofa ta kasa rufuwa. Na biyu kishiyarsa ne, sauti ya ɓace ko ya zo a makare, wanda yawanci 'yar jakar fata ce ta bushe ta tsage, ko tiyo ya zame. Na uku, idan kiɗa ya kai inda bututu da yawa ke kuka tare sai ka ji muryar ta faɗi kamar numfashi ya ƙare. Wannan yoyon iska ne, ko a kusurwar mafita inda fata ke lanƙwasa dubban sau a rana, ko a katakon akwati da ya tsage. Busasshiyar iskar ɗaki mai hita a lokacin sanyi ita ce babbar abokiyar gabar katakon, shi ya sa gidajen tarihi ke ƙoƙarin riƙe danshin ɗaki wajen kashi 50 cikin 100. Zafi ma na taɓa saiti. Idan iska ta ɗumama, muryar bututun hurawa na hawa, alhali bututun da ke da harshen tagulla ba sa hawa daidai da su, sai ɓangarorin biyu su saɓa. Ogan da aka saita a ɗaki mai sanyi, aka fito da shi rana tsaka, kunnen kowa zai ji bambancin. Littafin kansa na tsufa: yatsun ƙarfe na cin bakin ramuka, maƙalar naɗi na yagewa, sai a manna masa kyalle a ci gaba. A Utrecht da wuya ka ji ko ɗaya daga cikin waɗannan, don abin da ba shi da lafiya ba a kunna shi a gaban baƙi. Wannan abin yabo ne, amma yana ɓoye maka yawan hidimar da injin ke ci.

Ga shawararmu kai tsaye. Idan wannan ne karonka na farko, ko kana tare da yara, ko ranarka ba Lahadi ba ce, ka tafi Utrecht. Akwai sassan da aka tanada don yara su taɓa su juya, ginin na tsakiyar gari, kuma za ka fita da fahimtar yadda ƙusa a jikin gungume ta zama rami a jikin kwali. Ka ware awa biyu zuwa uku. Ga mai neman wurin salla, masallacin Ulu yana ɗaya gefen tashar jirgi, a bakin unguwar Lombok, inda kuma ake samun abincin halal cikin sauƙi. A watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, don haka azahar, la'asar da magariba na matse da juna, sai a tsara zagayen da wannan a zuci.

Idan kuwa sautin ne ya kawo ka, ko kai makaɗi ne, ko kafinta, ko mai gyaran inji da ke son ya sa ido a kan bawul da sifirin, kuma Lahadi na hannunka, Haarlem ta fi maka, nesa ba kusa ba. Ka duba shafin gidan kafin ka fita, domin gidan 'yan sa-kai kan rufe a wasu ranaku. Ka duba manhajar 9292 don hanyar da za ta kai ka daga tashar jirgi, saboda motocin haya na unguwar masana'antu kan yi ƙaranci ranar Lahadi. A jirgi da bas za ka iya taɓa katin bankinka a na'ura lokacin shiga, amma kada ka manta ka sake taɓawa lokacin fita, in ba haka ba za a cire maka fiye da kuɗin tafiyar. Ka kuma riƙe 'yan kuɗi a hannu na gudummawa. Shiga kyauta ne, fata da kwali da hayar zaure ba kyauta ba ne.

Mai kwana biyu ba shi da matsala: Utrecht ranar Asabar, Haarlem ranar Lahadi, a wannan jeri. Idan aka juya shi, za ka zauna a Haarlem ba ka san abin da za ka tambaya ba, sannan gutsuren kiɗan Utrecht ya zo maka da ƙaranci bayan ka saba da cikakke.

Asabar ɗin na da wata riba. Ita ce ranar da aka fi cin karo da ogan a kan titin kasuwa a biranen Holan, yana aikin da aka ƙera shi dominsa. Al'adar ta kafu ne tun 1875, lokacin da Leon Warnies, wani makaho ɗan Beljiyam, ya buɗe harkar ba da hayar ogan a Amsterdam. Kamfani ke da kayan, shi ke gyara da sabunta littattafai, masu turawa su karɓa haya su nemi abincinsu da izinin hukumar gari. Wannan tsari ne ya sa ogan ɗin Holan ya girma ya kai girman amalanke, domin talaka shi kaɗai ba zai iya sayen irinsa ba. Gidan Perlee da ke unguwar Jordaan daga wannan zuriya ya fito. Yau yawancin na kan titi ƙaramin inji ne ke juya musu wili, wasu ma an ƙara musu na'urar kwamfuta a madadin kwali, amma mai girgiza gwangwanin tagulla yana nan yana kaɗa shi daidai da kiɗa. Idan ka tsaya ka saurara ko ka ɗauki hoto, ka jefa wani abu. Ka leƙa baya kuma: in ka ga kwali na fita yana naɗe kansa a ɗaya gefen, littafi ne ke kaɗawa.

Wanda abin ya shiga ransa bayan wannan, mataki na gaba Waldkirch ne a Baƙin Daji na Jamus, kusa da Freiburg, inda Ignaz Bruder ya kafa sana'ar ƙera ogan mai kaɗa kansa a 1834, inda kuma Carl Frei ya koma bayan yaƙin duniya na biyu. Gidan tarihin Elztalmuseum na can, kuma garin na yin bikin ogan duk bayan shekara uku. A can za ka ga ɗaya tsarin, wanda babu yatsun ƙarfe, iska ce da kanta ke bi ta ramin kwali ta karanta kiɗan, shi ya sa littattafansu ke da ƙananan ramuka masu zagaye kuma suka fi daɗewa ba su lalace ba. Amma wannan tafiya ce ta daban, ba ta shiga lissafin rana ɗaya daga Amsterdam.